Qué novèle? Kwana tara a ƙasar Walonawa

Taubashina ne ya ja ni zuwa Liyej, wani birni a ƙasar Beljiyam. Ɗan kawuna ne, haifaffen Damagaram, ni kuwa Katsina aka yanke mini cibiya, don haka iyaka ta raba mana makaranta: shi ya sha Faransanci, ni na sha Turanci. Tun muna yara nake ce masa Mushe, shi kuma yana ce mini Ɗan Ingila. Da ya ji wani taron aiki ya kawo ni Brussels, sai ya bugo waya ya rantse cewa in na koma gida ban taka ƙofarsa ba, wurin Hajiya zai kai ƙarata. Tafiyar awa guda ce a jirgin ƙasa. Na sauka a tashar Guillemins, wadda aka buɗe a 2009, mai farin rufin ƙarfe da gilashi kamar an kifa ƙaton faifai a kan jirage, na tarar da shi yana jira, ya yi ƙiba, ya fara furfura.

Gidan da yake haya yana wata tsohuwar unguwar ma'aikata, jerin gidajen jan bulo da hayaƙin shekaru ya dafe. Muna cikin fitar da jakata daga mota, wani tsoho da ke zaune a dokin ƙofar maƙwabta ya ɗaga sanda ya ce, "*Qué novèle, valèt?*" Mushe ya amsa da dariya. Tsohon ya ci gaba da zuba, yana nuna ni, yana nuna sama, yana nuna jakar. Na lura Mushe kai kawai yake gyaɗawa, irin gyaɗawar wanda aka yi wa Fulatanci a kasuwar Mai'aduwa.

Da muka shiga na ce, "Mushe, ina Faransancin da ka cika mana baki da shi shekara da shekaru?"

Ya ce, "Kai Ɗan Ingila, wannan ba Faransanci ba ne. Shekarata goma sha ɗaya a nan, in Papi ya juya harshe, rabi nake tsinta."

Abin da tsohon ya fara faɗa dai shi ne "ina labari, yaro?", gaisuwar mutanen Liyej ke nan. Kalmar *valèt* ce ta fara tsaya mini, domin a Turanci *valet* bara ne, mai goge wa maigida takalmi. Har na ɗan ji haushi a madadin ɗan'uwana. Ashe a wurinsu ɗa namiji kawai take nufi, mace kuma *båcèle*.

Harshen sunansa *walon*, bari in ce Walonanci. Beljiyam harsunan hukuma uku gare ta, na Holan da Faransanci da Jamusanci, kuma Walonanci ba ya cikinsu. Ba gurɓataccen Faransanci ba ne kamar yadda har wasu masu shi suke zato. Daga Latin ya tsiro shi ma, uwa ɗaya uba ɗaya da Faransanci, sai dai ya tashi a bakin iyaka, kafaɗa da kafaɗa da masu harsunan Jamus da Holan. Ana jin sa a yawancin Waloniya, wato kudancin ƙasar, da wani ɗan lungu na Faransa wajen garin Givet. A 1990 hukumar masu Faransanci ta Beljiyam ta amince da shi cikin harsunan gida, UNESCO kuwa ta sa shi a jerin waɗanda ke cikin haɗarin ɓacewa.

Daren na biyu tsohon ya aiko a kira mu shan kofi. Ya haura tamanin, matarsa ta rasu, ƙuruciyarsa duk ta ƙare a masana'antar ƙarfe ta Seraing. Mushe na ce masa Papi, ni dai bakina ya fi sabawa da Baba, kuma bai ƙi ba. Ba ya jin Turanci ko na sayen ruwa, ni ba na jin Faransanci, sai Mushe ya zama tafinta. Ana cikin hira ya yi zancen bikin 15 ga Agusta da ake yi a unguwar Outremeuse, ya ce *fièsse*. Kafin tafinta ya buɗe baki na ce, "*Feast*?" Na kwaikwayi cin abinci da rawa. Baba ya buga tebur ya ce, "*Awè!*" Wato e.

Daga nan wasa ya tashi. Na ciro ɗan littafin da nake rubuta bayanan taro, na juya bayansa. Baba ya nuna kyanwarsa da ke kwance a kan kujera, ya ce *bièsse*. Na ce *beast*. Ya ɓalli gefen burodi, ɓawon nan mai tauri, ya ce *crosse*. Na ce *crust*. Ya dafa cikinsa: *stoumak*. Ya yi nuni da tagar da ke kallon asibiti: *ospitå*. Watan bikin nasu *awous'* ne, da *s* ɗinsa a ƙarshe kamar *August*, alhali Mushe in zai faɗi watan nan a Faransanci, sai ka ce an taka masa ƙafa, "u" ko "ut" kawai. Makaranta *scole*, gidan sarki mai ganuwa *tchèstê*, ga *school* ga *castle*. Mushe ya zauna yana kallonmu kamar an ci shi a dara.

Sirrin yana cikin wata 'yar hula. Duk wanda ya yi makarantar Faransanci ya san alamar nan mai kama da malafa da ake ɗora wa wasali: *fête*, *bête*, *croûte*, *hôpital*, *château*. A yawancin kalmomi, hular nan kabarin harafin *s* ce. Da can Faransawa suna furta shi, daga baya suka haɗiye, suka bar hula a gurbinsa. Walonawa ba su haɗiye ba. Turawan Ingila kuwa sun karɓi kalmomin ne tun *s* ɗin yana da rai, bayan da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransancin wancan zamani ya zama harshen fada da shari'a na ɗaruruwan shekaru. Kenan kayan da Paris ta canza wa fasali, an ajiye su yadda suke a wurare biyu: a tsibirin Ingila da kuma kicin ɗin Baba. Ba duka ne suka bi ta Normandi ba, *school* tun kafin nan Turanci ya ɗauko ta daga Latin, amma ƙarshenta dai sun haɗu.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne sautin *tch* da *dj*, domin su ne *c* da *j* namu sak. Bafaranshe yana cewa "shambr" in yana nufin ɗaki, Baba yana cewa *tchambe*, Bature yana cewa *chamber*. Kujera *tchèyîre* ce, ga *chair* nan tsaye a cikinta. Alƙali *djudje*, murna *djôye*, sa'a *tchance*. Tsohon Faransanci ma haka yake furta su kafin ya lanƙwasa harshe. Da na maimaita *tchèyîre* sau ɗaya, Baba ya ce a gaya mini na fi jikansa iyawa. Ni na san ba hazaƙata ba ce: bakin da ya saba da "ciki" da "jiki" ba zai sha wuya a nan ba.

Ranar Lahadi muka tafi La Batte, kasuwar da ke ci a bakin kogin Meuse tun safe har bayan azahar, rumfuna a jere sai ka gaji da tafiya. Ga masu cuku, ga masu zaitun, ga Larabawan Maroko da Turkawa da Italiyawa, kowa na kiran ciniki da Faransanci. Na kasa kunne ko zan ji Walonanci, sai ɗai-ɗai, kamar gishiri a miya: wani mai kayan lambu ya ce wa wata tsohuwa *binamêye*, wato abar ƙauna, wata ta ce wa yaro *m' fi*, ɗana. Baba da ya rako mu yana dogara sanda shi ne ƙamus. Ya nuna dankalin Turawa ya ce *crompîre*. Wannan kam Turanci bai taimake ni ba, Faransanci bai taimaki Mushe ba. Daga Jamusanci ta zo, asalinta sunan wani ɗan itace ne da aka jingina wa ƙasa.

Sai muka zo wurin mai gasa wainar nan tasu mai ramuka, wadda ake cusa wa dunƙulen sukari a cikin ƙullu, ya narke ya dafe a jikin ƙarfen gashi. Ƙamshinta kaɗai ya isa ya karya wa mutum azumin nafila. A allo an rubuta *gaufre*. Baba ya taɓe baki ya ce *wafe*. To ga *waffle*. A nan ma wata ƙa'ida ce: kalmomin da suka shigo daga harsunan Jamusawa da *w* a gaba, Faransanci ya mai da su *g*, Walonanci ya bar su. Zanzaro *guêpe* ne a wurin Mushe, *wèsse* a wurin Baba, *wasp* a wurina. Safar hannu *gant* ce a Paris, *want* a Liyej. Haka gashin da ya nannaɗe, suna ce masa *crole*, 'yar'uwar *curl*, daga harshen Holan. Ɗan abin da ake ba yaro ko ma'aikaci na goro kuwa *dringuèle* ne, daga kalmar Holan mai nufin kuɗin sha, kana jin *drink* a farkonta. Mu goro muke ci, su sha suke yi.

Kalmar da na fi matsuwa in riƙe ita ce *pourcê*, alade, kuma *pork* ta sauƙaƙa mini. Amma ta kusa ba ta cece ni ba. A wani ƙaramin gidan abinci da ba zan kama suna ba, na ga ana kai wa mutane kwanon koren wake da dankali yana tururi, na sa Mushe ya tambaya ko da nama a ciki. Matar ta ce babu. An ajiye mini, na ɗauki cokali, sai Baba ya riƙe mini hannu ya tona da wuƙa ya ɗago wani ɗan jan abu soyayye ya ce, "*Crètons.*" Gutsattsarin kitsen alade ne, wanda a idon mai abincin ba nama ba ne, kayan ɗanɗano ne kamar daddawa. Na ture kwano na koma kan soyayyen dankali. Tun daga ranar na rubuta *crètons* da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu, kusa da *pèkèt*, barasar da suke alfahari da ita, wadda duk wanda ya ji kai baƙo ne sai ya miƙo maka.

Wajen biyan kuɗi Mushe ya ba ni labarin wahalar da ya sha farkon zuwansa. A Zinder an koya masa saba'in ita ce sittin da goma, casa'in kuma ashirin huɗu da goma, yadda Faransawa ke yi. Ya zo nan ya ji ana *septante* da *nonante*, kai tsaye kamar *seventy* da *ninety*. Walonanci ya ma fi haka tafiya, yana da *ûtante* ta tamanin. Abincin rana kuma *dîner* suke ce masa, na dare *soper*, yadda tsofaffin Ingila ke cewa *dinner* da *supper*. Ya ce sau ɗaya aka gayyace shi *dîner*, ya shirya tsaf ya je da magariba, ya tarar an wanke kwanuka tun ƙarfe biyu.

Tsakiyar gari ma littafi ne ga mai karanta allunan titi. Akwai wani tsohon titi, Féronstrée. *Fèron* maƙeri ne, *strêye* kuwa ita ce *street*, ita da *street* ɗin duk daga kalmar Latin ta shimfiɗaɗɗiyar hanya suke. Unguwar Maƙera ke nan, kamar yadda ake samu a kowane tsohon birni namu. Amma dubi jerin: maƙeri a gaba, titi a baya, tsarin Turanci, ba na Faransanci ba. Haka suke yi da launi. Farin gida *blanke mohone* ne, farin ya riga gidan, inda Bafaranshe zai ce *maison blanche*. Na ce wa Mushe, ka ga mu uku muka haɗu, Bahaushe da Bature da Bawalone, kai kaɗai ne bare. Ƙari a kan haka, *li* ɗaya suke sa wa namiji da mace a gaban suna, kamar *the*, babu ciwon kan *le* da *la*.

Daga titin nan muka ɓulla gindin Montagne de Bueren, matakala 374 a miƙe kamar tsani. Baba ya zauna a ƙasa ya ce shi ya gama nasa hawan tun tuni. Na kai ƙarshe gwiwoyina na rawa, wata mata da ta biyo bayana da jakar cefane ta dube ni ta ce, "*Oufti!*" Wannan ba ta da fassara. Ita ce "kai!" da "tabɗi!" da "wash!" a dunƙule, kuma da ita ake gane ɗan Liyej ko a ina.

A gidan tarihi na rayuwar Walonawa, cikin wani tsohon ginin 'yan zuhudu, na ga Tchantchès, ko in rubuta shi da namu, Cances. Ɗan tsana ne na katako da ake kaɗawa da sandar ƙarfe daga sama, da shuɗiyar riga da jan ƙyalle a wuya da jan hanci na mashayi. A wasan, sarki Sharleman da jarumansa suna magana da Faransanci mai ƙasaita, shi kuwa Cances yana tsoma musu baki da harshen unguwa, in gardama ta yi zafi ya kai wa mutum karo da ka. Kai a Walonanci *tièsse* ne, ga *s* ɗin nan kuma. Mutanen garin suna yi wa kansu kirari da *tièsse di hoye*, kan gawayin kwal, saboda taurin kai. Kalmar *hoye* ɗin ma su suka ba Faransanci, ta zama *houille*, domin nan ne ƙasar haƙar kwal. Ramin Blegny da ke kusa an rufe shi a 1980, yanzu 'yan yawon buɗe ido ake saukarwa ciki. Turanci ma ya ci bashinsu: *spa* da ake rubutawa a manyan otal na Abuja sunan wani gari ne a lardin Liyej, mai maɓuɓɓugan ruwan magani.

A hanyar komawa Baba ya yi shiru, sannan ya sa Mushe ya fassara mini. Ya ce a gidansu da Walonanci aka rene shi, a masana'anta da shi ake aiki, har Italiyawan da aka kawo haƙar kwal bayan yarjejeniyar 1946 da yawansu shi suka fara tsinta a bakin abokan aiki. Amma a makaranta, wadda aka wajabta tun 1914, Faransanci ne kaɗai, kuma yaron da harshen gida ya suɓuce masa hukunci yake sha. Na tuna ajinmu na firamare da ɗan littafin da monita ke rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa, amma ban katse shi ba. Ya ce su da kansu suka ƙi koya wa 'ya'yansu, don kada a ce musu 'yan ƙauye. Jikansa yanzu ashar biyar ya iya da *oufti*.

A nan ya yi mini wata gyara. Na ji samari suna ce wa juna *ti*, na ɗauka ita ce "kai", na gwada a kansa. Ya ɗaga gira. Ashe a Walonanci *ti* gatsali ce, kusan zagi. *Vos* ake ce wa kowa, har uwa ga jaririnta. Turanci ma haka ya yi, ya jefar da *thou* ya bar *you* ga sarki da bara. Na ba shi haƙuri, na ce mu ma a gida babba "ku" ne. Ya ce to ashe kuna da tarbiyya.

Na yi wuni ɗaya a Namur, babban birnin Waloniya, inda kogin Sambre ke zubawa cikin Meuse a gindin wata ƙatuwar ganuwa a kan dutse. Ana tsokanar mutanen garin da sanyin jiki, su kuma suka rungumi tsokanar, suka kafa gunkin mutum biyu suna hira a dandali, da dodon koɗinsu, ɗaya a ɗaure ɗaya a keji, wai kada su tsere. A nan littafina ya fara ba ni kunya. Abin da Liyej ke ƙarewa da *ê*, Namur da *ia* take ƙarewa: kyakkyawa *bê* ya koma *bia*, *tchèstê* ya koma *tchèstia*, jirgin ruwa *batê* ya koma *batia*. *Awè* ta zama *oyi*. Na tambayi wani dattijo mai sayar da kayan lambu *crompîre*, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce nan *canada* ake cewa. Dankali dai, sunansa Kanada. Manyan karuruwan harshen huɗu ne, na gabas da na tsakiya da na yamma da na kudu, kuma tazararsu ta fi ta Kananci da Sakkwatanci. Tsarin rubutun da masanin harshe Jules Feller ya fitar a 1900 yana bin furucin kowane gari. A shekarun 1990 wasu matasa suka ƙirƙiro rubutun bai ɗaya, kuma har yau masu kishin harshen ba su gama sasantawa a kansa ba. Daga yankin Namur da kewayensa ne wasu manoma suka yi ƙaura zuwa jihar Wisconsin ta Amurka a shekarun 1850, suka sa wa ƙauyukansu Namur da Brussels, suka riƙe harshen har jikoki.

Kada in cika baki. Turancina kalmomi ɗai-ɗai yake kamawa, in an ɗago su an nuna mini abin da hannu. Baba na haɗuwa da tsaransa suka saki harshe, ko *a* ban tsinta. Kare *tchin* ne, kifi *pèhon*, madara *lècê*, babu abin da *dog* da *fish* da *milk* za su yi maka. A nan Mushe ne ke gaba, kuma bai bar ni na manta ba. Wasu kuma dangantakar ta ɓuya sai an tona. Ruwa *êwe* ne, yana nan a cikin *ewer*, tsohuwar kalmar Turanci ta butar ruwa. Ƙofa *ouh* ce, da wani *h* mai kauri daga maƙogwaro, kuma *usher* da ke nuna wa mutane wurin zama a taro asalinsa mai tsaron wannan ƙofar ne. Jimla guda na iya haɗawa da kaina, ita ce na fi amfani da ita: *dji n' sé nin*, ban sani ba.

Ranar tafiyata da sassafe, ana yayyafi, na ƙwanƙwasa wa Baba don sallama. Ya fito da rigar barci, ya miƙo mini *wafe* biyu a naɗe cikin takarda, ya ce na jirgi ne. Na ce *å r'vèy*, sai mun sake gani, yadda ya koya mini. Ya girgiza kai, ya ce wannan ta kowa ce, akwai ta tsofaffi wadda kakarsa ke faɗa. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "*Diè wåde.*"

Na dubi Mushe. Ya ɗaga kafaɗa, bai taɓa ji ba. *Diè* na gane, Allah ne. *Wåde* kuwa na juya ta a baki, na cire *g* ɗin *garder* na mai da *w*, sai ga *ward* da *warden*, mai tsaro. Na ce, "Mushe, cewa ya yi Allah ya kiyaye."

Na ce amin, Baba. Mushe ya duba agogo ya ce in ban shiga mota ba jirgin ƙarfe takwas zai tafi ya bar ni.